Yadda ake canjin kirifto a DEX, daga MoMo zuwa walet har ka dawo da sidi ɗinka

Ni gyaran waya nake yi a Adum cikin Kumasi, gidanmu kuma Aboabo, kuma abin da ya zaunar da ni nake wannan rubutun da idona na gan shi a shago. Wani ƙaninmu na unguwa ya kawo wayarsa sikirin ya fashe, na canza masa, na ce buɗe wani hoto mu ga ko kalar ta zauna daidai, hoton farko da ya fito kalmomin sirri 12 ne na walet ɗinsa, wato manhajar da yake ajiye kuɗin kirifto, ya yi musu sikirinshot, ga su nan ɓaro-ɓaro daga na ɗaya har na ƙarshe. Na kifa wayar a kan tebur na ce ƙanina ka san abin da ka nuna min yanzu kuwa? Ya ce Yaya ai fasuwod ne kawai, in na manta sai in duba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don wayar nan kwana biyu ta yi a shagon, shi da kansa ya ba mu lambar buɗe ta, ga yara masu koyon aiki ga masu shiga da fita, kuma duk wanda ya kwafi kalmomin nan ya gama da kuɗin ko da yana Tamale ko Legas, ba sai ya riƙe wayar ba. Yaron nan wata uku yana canjin kirifto a PancakeSwap, ɗaya daga cikin kasuwannin da ake kira DEX, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa wannan.

Toh bari in fara da bambancin, don da yawa a bes ɗin ataya suna cewa DEX, DEX, amma in ka tambaya sai a fara kame-kame. Kasuwar kirifto iri biyu ce. Akwai irin su Binance da Bybit, kamfani ne, sai ka yi rajista da Ghana Card ko fasfo, ka ɗauki hoton fuskarka, kuma kuɗinka a hannunsu yake, lambar da kake gani a sikirin alkawari ce suka yi maka. Kamar ka bar kuɗi ajiya wurin ɗan canji ne a Alabar ya rubuta a littafinsa, in mai amana ne kullum ka zo zai ba ka, in ya rufe shago shikenan sai kuka. FTX a lokacinta tana cikin manyan kasuwannin duniya, a Nuwamban 2022 ta rushe, kuɗin mutane kusan dala biliyan 8 suka yi ɓatan dabo, mai ita Sam Bankman-Fried kotun Amurka ta yanke masa shekara 25 a Maris na 2024. Mu nan Ghana ma ba sai an ba mu labarin ajiya a hannun wani ba, tun da hukumar SEC ta dakatar da Menzgold a 2018 kowa ya ga yadda mutane suka yi ta zarya. 'Yan'uwanmu masu fatauci tsakanin nan da Najeriya kuma sun tuna Maris na 2024 da Binance ta daina hulɗa da naira.

Iri na biyu ita ce DEX, kasuwar da babu kamfani a tsakiya, babu mai ajiya. Shiri ne na kwamfuta da aka ɗora a kan bulokcen, wato rijistar cinikin kirifto da kwamfutoci da yawa ke riƙewa tare, shi ke karɓar tokin ɗaya, wato nau'in kuɗin kirifto ɗaya, ya ba ka wani, kuɗin daga walet ɗinka yake fita ya dawo walet ɗinka a cikin ciniki guda. Uniswap, wadda Hayden Adams ya buɗe a 2018 a kan bulokcen ɗin Ethereum, ita ta yaɗa wannan salon, PancakeSwap ta zo a 2020 a kan BNB Chain, masu Solana kuma suna da Jupiter da Raydium. Daɗinta a fili yake, ba rajista, ba wanda zai ce maka mun kulle akawun sai ka turo takarda, ba ruwanta da Lahadi ko ranar Sallah, kuma sababbin tokin a can suke fara fitowa kafin manyan kasuwanni su ɗauke su. Amma ka riƙe wannan da kyau domin duk matakan da zan faɗa a kansa suka tsaya: wancan mutumin da aka cire, wanda zai iya riƙe maka kuɗi, shi ne kuma wanda kake kai wa kuka. In ka tura MoMo zuwa lambar da ba ita ba kana iya kiran 100 ko ka je ofis, wani lokacin a dawo maka da shi. A DEX babu 100, babu ofis, babu manaja, abin da ka sa wa hannu ya tafi kenan.

Matakin farko, walet. Ka sauke Trust Wallet ko MetaMask, in Solana za ka yi Phantom, daga Play Store ko App Store kai tsaye, ka duba sunan kamfanin da yawan waɗanda suka sauke, don akwai na jabu masu tambari iri ɗaya. Kar ka karɓi fayil ɗin da wani ya turo maka ta WhatsApp ko Telegram, kar kuma ka bari wani ya buɗe maka walet a wayarsa ya ba ka, ko da abokinka ne na yarinta, domin wanda ya ga kalmomin ya zama abokin tarayyarka a kuɗin har abada.

Na biyu shi ne kalmomin nan, 12 ne yawanci wani walet ɗin 24. Ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka rubuta su da biro a takarda bi da bi yadda suka zo, ka sake dubawa harafi-harafi, ka yi kwafi biyu ka sa a leda saboda ruwa da damshin Kumasi, ɗaya a inda kake ajiye takardun fili ko fasfo, ɗaya a wani gidan daban saboda gobara. Ba sikirinshot, ba tura wa kanka a WhatsApp, ba ajiyewa a imel. Shi wancan ƙanin nawa cewa ya yi toh Yaya bari in goge hoton, na ce gogewa ba ta wadatar ba, wayarka tana kwashe hotuna zuwa Google Photos, kuma ba ka san wa ya riga ya gani ba, a nan shagon muka zauna ya buɗe sabon walet ya juya min baya ya rubuta sababbin kalmomi a takarda, ya kwashe komai ya mayar can. Wani abu kuma da ba a son faɗa amma dole ne, mutuwa ba ta sallama. Kuɗin banki magada suna iya bi da takardu, wannan kuwa in ba wanda ya san inda takardar take ya salwanta, haƙƙin marayu ne, don haka ka samu mutum ɗaya mai amana a gida ya san akwai takardar da inda take, ko da bai san abin da ke ciki ba.

Na uku, DEX ba ta san sidi ba, ba ta san MoMo ba. Wannan shi ne abin da masu tallarta ba sa faɗa, duk 'yancin da ake magana ƙofar shiga da ta fita har yanzu a hannun mutane da kamfanoni take. Sai ka fara sayen USDT, tokin da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, da sidi, ko ta ɓangaren P2P, wato cinikin mutum da mutum, na babbar kasuwa irin Binance inda kamfanin ke riƙe kirifton mai sayarwa har sai ya tabbatar kuɗinka ya shiga, ko wurin mutumin da ka sani ido da ido. Tare da USDT ɗin ka sayi ɗan kuɗin gas, wato tokin da netwok ɗin ke karɓa ladan aiki: BNB a BNB Chain, ETH a Ethereum da Base da Arbitrum, SOL a Solana, TRX a Tron. Ni karon farko USDT zalla na tura walet, na zo canji abu ya ƙi tafiya, ga kuɗi ina gani amma ko motsa shi ba na iyawa saboda babu BNB ko na sidi biyar, sai washegari na samu wanda ya turo min. Mai farawa ina ba shi shawarar BNB Chain ko Base, gas ɗinsu yawanci bai kai dala ɗaya ba, Ethereum ita kanta kuwa a cunkoson 2021 mutane sun biya dala gommai a kan canji ɗaya, ko da yanzu ta yi sauƙi.

Na huɗu, turawa zuwa walet, kuma nan ne ake yawan asara tun ba a kai kasuwar ba. USDT suna ɗaya ne amma hanyoyinsa da yawa, akwai TRC20 na Tron wanda adireshinsa ke farawa da T, akwai BEP20 na BNB Chain da ERC20 na Ethereum waɗanda duk da 0x suke farawa. In PancakeSwap za ka je a BNB Chain toh BEP20 za ka zaɓa wurin cirewa. Ka kwafi adireshin daga walet ɗinka, bayan ka liƙa ka karanta haruffa shida na farko da shida na ƙarshe da 'yan na tsakiya, sannan ka fara tura kaɗan, dala biyar ma ta isa, ka ga ta sauka kafin ka tura sauran. Kuma kar ka saba kwafar adireshi daga tarihin cinikinka, ɓarayi suna turo ɗan tokin da bai kai komai ba daga adireshi mai kama da naka a farko da ƙarshe, don wata rana kana sauri ka kwafi nasu.

Na biyar, shiga shafin. Kar ka rubuta sunan a Google ka danna na farko, talla ce sau da yawa kuma akwai shafukan jabu da harafi ɗaya kawai suka canza. Ka nemo DEX ɗin a CoinGecko ko CoinMarketCap, shafukan da ke jera bayanan tokin da kasuwanni, ka bi mahaɗin da ke can, ka adana shi a burauzar walet ɗinka, daga ranar nan ta nan kawai za ka riƙa shiga. Za ka ga inda aka rubuta Connect Wallet, ka danna ka amince, wannan haɗawar ita kaɗai ba ta ɗaukar kuɗi. Amma duk shafin da ya ce ka rubuta kalmominka 12 don ya haɗa ko ya gyara maka walet, ɓarawo ne, babu wata DEX ta gaskiya da ke tambayarsu, haka duk wanda ya biyo ka inbok ya ce shi ma'aikacinsu ne.

Na shida, tantance tokin, kuma a nan zan daɗe. A DEX kowa yana iya ƙirƙirar tokin ya sa masa sunan da ya ga dama, yau in na so zan yi nawa in kira shi USDT in sa masa koren tambari, babu mai hana ni. Don haka suna ba hujja ba ne, adireshin kwantiragin tokin, wato lambarsa ta musamman a bulokcen, shi ne shaidarsa, ka kwafo shi daga CoinGecko ka liƙa a wurin nema. Sai ka buɗe shafin DexScreener ka duba abu uku, nawa ne a rumbun tokin, wato tarin kuɗin da ake saye da sayarwa daga cikinsa, yaushe aka buɗe shi, sannan ana sayarwa kuwa ko saye kawai ake yi. In ka ga layin cinikin duk kore ne, wato saye, babu ja na sayarwa ko ɗaya ka gudu, akwai tokin da ake rubuta shi yadda za ka iya saye amma ba ka iya sayarwa. Haka tokin SQUID ya yi a Nuwamban 2021, a PancakeSwap ake sayensa, farashi ya haura dala 2,800, masu shi suka kwashe rumbun da kusan dala miliyan 3, cikin mintuna ya koma ba komai, waɗanda suka saya suna kallon dukiya a sikirin ba su iya fitar da ko kobo ba. Ka leƙa BscScan ko Etherscan ka ga masu riƙe da shi, in walet biyu ko uku ne ke da rabin tokin toh ranar da suka ga dama za su zubar a kanka. Wani Alhaji da nake yi wa gyara ya taɓa nuna min wani tokin da ya wayi gari ya gani a walet ɗinsa da lamba mai yawa, ya ce ɗana wannan kyauta ce? Na ce Baba kar ka taɓa shi, kar ka nemi sayar da shi, kar ka shiga shafin da aka rubuta a jikin sunansa, ƙugiya ce aka sa wa nama, banza ba ta kai zomo kasuwa. Bitcoin kuma da kake gani a can, BTCB ko WBTC, wakilinsa ne da wani ke riƙe da na ainihin, ka san da haka kafin ka saya.

Na bakwai, karanta lambobin kafin ka danna. DEX irin wannan ba ta haɗa ka da mai sayarwa, da rumbu kake ciniki, tokin iri biyu ne a ciki kuma lissafin shi ne in an ninka yawan wannan da yawan wancan amsar kar ta canza. Misali rumbu na da BNB 10 da USDT 6,000, kenan BNB ɗaya 600 ne. In ka zuba USDT 60 za ka samu kusan 0.099, asararka kashi ɗaya cikin ɗari. In ka zuba 600 kuwa ba BNB ɗaya za ka samu ba, kusan 0.909 ne, kai da kanka ka tayar wa kanka farashi har abin da ka samu ya ragu da kusan kashi 9, tun ba a cire ladan rumbu ba, wanda a tsohon tsarin Uniswap kashi 0.3 ne, a na PancakeSwap 0.25. Wannan shi suke rubutawa Price Impact, in ya wuce kashi ɗaya ko biyu ka rage kuɗin ko ka haƙura. Sai silifej, wato iyakar zamewar farashi da ka yarda da ita tsakanin dannawarka da kammala ciniki. Ga manyan tokin kashi 0.5 ya isa. In aka ce maka sai ka sa 15 ko 20 kafin ya tafi toh ko tokin yana yankar haraji mai nauyi, ko kuma ka buɗe ƙofa ga na'urorin da ke leƙen cinikin da ke layi, su saya a gabanka su sayar a bayanka su cinye ratar. Layin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ke nuna mafi ƙarancin abin da za ka karɓa, shi za ka kalla ka tambayi kanka ko ka yarda.

Na takwas, sa hannu, kuma sau biyu ne a karon farko. Na farko izini ne kake ba shirin ya taɓa USDT ɗinka, na biyu shi ne canjin. Wurin izinin sau da yawa ana sa shi babu iyaka, in walet ɗinka ya ba ka dama ka gyara ka sa daidai abin da za ka canza. Ka karanta abin da walet ya nuna maka, me zai fita me zai shigo, in ba ka gane ba ka fasa, fasawa kyauta ce. In ciniki ya faɗi a hanya kuɗinka na nan amma gas ya tafi. In ya yi nasara kuma ba ka ga tokin ba kar hankalinka ya tashi, ka liƙa adireshin kwantiraginsa a walet zai bayyana.

Bayan ka gama ka cire haɗin walet da shafin, amma ka sani cire haɗi ba ya soke izini, lokaci-lokaci ka shiga revoke.cash ka soke tsofaffin izinin da ka bayar, ɗan gas kaɗan ne. Ni walet biyu nake da su, ɗaya na ajiya da bai taɓa haɗuwa da wani shafi ba, ɗaya na yawo da nake sa masa abin da zan yi aiki da shi kawai. Domin shirin kansa ana iya samun ɓaraka a jikinsa, an fasa wasu rumbunan wata DEX mai suna Curve a Yulin 2023, gadojin da ke tsallakar da tokin daga netwok zuwa netwok kuwa sun fi shan duka, Wormhole ta yi asarar kusan dala miliyan 320 a Fabrairun 2022, Ronin sama da miliyan 600 wata ɗaya bayan nan. Kuma kar a ruɗe ka da cewa babu mai iya taɓa kuɗinka kwata-kwata, kamfanin Tether mai fitar da USDT yana iya daskarar da shi a adireshi a netwok irin su Tron da Ethereum kuma yana yi. Da yawanmu tsadar 2022 ce ta koro mu nan, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba sidi yana narkewa a aljihu, na fahimci wannan sosai, amma a shekarar nan dai wani tokin mai suna UST da ake cewa daidai yake da dala ya rushe a watan Mayu, USDC ma, wani tokin na dala, ya sauka ƙasa da senti 90 na ɗan lokaci a Maris na 2023.

Za a ce maka ka zuba kuɗinka a rumbu ka riƙa cin lada. Ana samu, amma ka san lissafin, in farashin ɗaya daga cikin tokin biyun ya ninka sau biyu abin da za ka ɗebo ya gaza abin da za ka samu da ajiyewa kawai ka yi da kusan kashi 5.7, sai in ladan ya rufe wannan. Ni ban ba mai farawa shawarar ba. Ɓangaren bashi da ruwa da cacar farashi mai ninki kuwa ba na shiga, maganar halacci malamai sun saɓa a kan kirifto ita kanta, ka je wurin malaminka ka yi masa bayanin ainihin abin da kake yi ba sunan kawai ba.

Na ƙarshe, dawowa sidi. Ka mayar da tokin ɗinka USDT a DEX, ka bar ɗan gas na turawa, ka kwafi adireshin ajiya daga babbar kasuwar a netwok ɗin da ya dace, ka gwada da kaɗan kamar yadda ka yi da farko. Wurin sayarwa a P2P ka zaɓi mai saye da ya daɗe yana ciniki, sunan da ke kan MoMo ɗin da ya biya ka ya zama shi ne sunan da ke kan akawun ɗinsa, in ya ce matarsa ce ko yaronsa zai turo ka ƙi, don kuɗin damfara ta haka ake wanke shi kuma layinka ne za a rufe. Kar ka yarda ya ja ka WhatsApp ku ƙarasa a can. Zai turo maka hoton risit, wataƙila ma saƙo ya shigo wayarka mai kama da na kamfanin layi, ya riƙa damunka da kira yana cewa sauri yake, duk kar ka kula. Ka danna *170# da hannunka in MTN kake, ka duba balas, ka ga kuɗin ya ƙaru da daidai abin da kuka yi, sannan ka saki USDT ɗin, ka rubuta kwanan wata da adadin da farashin a littafinka.